Tabon da Auta Ta Goge

Kwana tara ke nan Mai Agogo yana bayan kanta a caji ofis yana amsa sunan ƙaninsa. Babu wanda bai san haka ba a layinsu, amma kowa ya ja bakinsa ya tsuke, don yaran daba sun bi gida gida sun yi kashedi. Auta ce kaɗai maganar ta ƙi kwanta wa a ciki.

Ita ce autar Baba Mai Hoto, ita ce kuma hannun damansa a shago tun da idonsa ya fara rauni. Shekara biyu suna son juna da Mai Agogo, wanda teburin gyaransa ke tsallaken titi daidai ƙofar shagonsu. Shekara biyun nan kuma Baba yana kan bakansa, ba zai haɗa zuri'a da gidan da aka haifi Kunama ba.

Kunama ƙanin Mai Agogo ne, shekara ɗaya tsakaninsu, kama kuwa kamar an tsaga kara. Hali ne ya raba su. Wan ko kiyashi ba ya son takawa, ƙanin shi ke jan ragamar daba. Da aka tsinci gawar wani saurayi na wata dabar a bayan tashar mota, mutum uku suka ce da idonsu suka ga Kunama.

Kafin 'yan sanda su iso gidan, gogan ya zari fasfon wansa ya tsallake iyaka. Da suka iso sai suka tarar da mai kama da shi a tsakar gida, uwar kuma ta nuna shi da hannunta ta ce shi ne Kunama. Suka bincika inda wan yake, aka ce musu lallai mai fasfon nan ya bar ƙasar. Suka karɓo hoton da ke ofishin fasfo, fuska ce sumul babu ko ƙwarzane, na hannunsu kuwa ga tabo nan ya raba girarsa ta hagu gida biyu. To wa zai yi tabo in ba ɗan daba ba? Nan bincike ya ƙare.

Abin haushin, Kunama ko allura ba ta taɓa yankarsa a fuska ba, shi ke yanka mutane. Tabon na Mai Agogo ne, wayar cikin wani tsohon agogon bango ce ta ɓalle ta tsarge shi. Wadda ta goge shi daga hoton kuwa Auta ce, da siririn buroshin da Baba ya koya mata gyaran hoton amare da shi. Ranar ta dubi hoton ta ga bai kamata masoyinta ya shiga duniya da tabo ba, shi ke nan dalilin.

Da safiyar kwana na taran ta shigo shago ta tarar an zazzage durowar ajiya a ƙasa. Baba na durƙushe cikin tarin ambulan, kowace da kwanan wata da rubutun hannunsa, kowace da yankin fim ɗin da aka wanke hoton mutum daga jikinsa. Shekara talatin bai taɓa yar da ko ɗaya ba. A kansa Lauya ke tsaye, yana riƙe da jakarsa sama sama don kada ƙura ta taɓa ta.

Lauya ɗan aminin Baba ne, kuma shi ne zaɓin Baba. Yana da mota, yana da ƙamshi, ba ya fara magana sai ya gyara zaman tabarau. Tun da aka kama Mai Agogo yake zarya a shagon da fuskar jaje, amma tafiyarsa ta mai murna ce.

“Baba ina kwana. Me ake nema?”

Baba bai ɗago ba. “Fim ɗin yaron nan na tsallake. Wanda kika ɗauka na fasfo.”

“Me za a yi da shi?”

Lauya ya gyara tabarau. “Ƙanwata, bari in yi miki bayani a sauƙaƙe. Jiya na ga hoton da ke hannun 'yan sanda, hatimin shagon nan ne a bayansa. An taɓa hoton, kuma taɓa hoton fasfo laifi ne. In aka gano da shi mai kisan kai ya gudu, ba rufe shago kaɗai za a yi ba, Baba sai ya kwana a ciki. Shawarata ita ce a ƙona fim ɗin yau, kowa ya huta.”

“Shi kuma wanda ke tsare fa?”

“Shi ya zaɓar wa kansa. Gobe da safe za a kai shi kotu, daga can sai gidan yari.” Ya ɗan rage murya kamar mai tausayi. “Kuma ba na son tayar miki da hankali, amma abokan mamacin su shida ne a ciki, an ce har sun fara tambayar ranar zuwansa. Ki cire rai kawai, ki bar wa Allah.”

Ya faɗi haka ne don ta saduda, bai san ya ba ta abin da take nema ba. Kwana tara tana jira tana cewa gobe gaskiya za ta fito, yanzu ta ji goben ba ta da wata goben a bayanta. Sai ta ji wata irin nutsuwa ta sauko mata.

“Baba, ka daina wahalar da gwiwarka. Ba ya cikin durowa, yana wurina.”

Sai a sannan ya ɗago. “Wurinki?”

“Tun ranar da na ɗauka ban saka shi a nan ba. Yana cikin jakata.”

“Miƙo shi.”

Ta durƙusa a gabansa a kan tarin ambulan ɗin, ta sunkuyar da kai. “Ka gafarce ni Baba, ban taɓa ce maka a'a ba, amma wannan ba zan iya ba.”

Lauya ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. “Ɗan ba mu wuri.” Lauya ya fita yana waiwaye, ya tsaya inda kunnensa zai iya kaiwa.

Baba ya dube ta. Da ya yi magana, muryar ba ta faɗa ba ce, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

“Ranar da na fara ba ki buroshi me na ce miki?”

“Ka ce amarya a gyara ta yadda take so, amma hoton takarda ba a taɓa shi, yadda Allah ya yi mutum haka ake miƙa shi.”

“Doka ɗaya tak na kafa a shagon nan, Auta. Ɗaya. Garin neman gira ga shi kin rasa ido. Kin ja wa yaron, kin ja mini, kuma yanzu kina so ki kai kanki inda 'ya'yan mutunci ba sa zuwa.”

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. “Na yi kuskure Baba, ban musa ba. Amma in na ƙona fim ɗin nan, gobe in suka kashe shi, hannuna ne ya kashe shi. Kai ka ce mini fuskar mutum amana ce. Yau ne zan fara ƙona amana?”

“Uwarsa ce ta nuna shi. Ke kin fi ta sonsa ne?”

“Ita 'ya'ya biyu take kallo, ni ɗaya nake kallo.”

Baba ya kau da kai ya dubi bangon da hotunan mutane suka cika. Ya ɗauki wata ambulan ya kakkaɓe ta, ya mayar durowa, ya ɗauki wata. Sai da ya mayar da kusan goma sannan ya ce, “Hannun da ya ɓata shi zai gyara. In sun tambayi mai shago, ki ce ina nan, ba inda zan je. Amma ki ji da kyau, ko an wanke yaron nan tas, maganar aure tana nan inda na ajiye ta. Ban yarda ba.”

“Na ji Baba. Ya fito da ransa tukuna, sauran mun yi magana.”

A ƙofa Lauya ya tare ta. “Ƙanwata, kina wasa da wuta. Ki bari in shige miki gaba, in mun zama ɗaya babu mai taɓa gidanku.”

“Na gode Yaya. Ka taya Baba kwashe ambulan, gwiwarsa na ciwo.” Ta raɓa shi ta wuce.

Rana ta take sosai lokacin da ta isa caji ofis. A kan bencin baranda ta hango Inna, mahaifiyar su Mai Agogo, da kwanon abinci a cinya. Kullum a nan take wuni. Cikin kwana tara matar ta zabge, zanen jikinta har ya yi mata yawa. Auta ta durƙusa ta gaishe ta.

Inna ta dubi jakar da ke rataye a kafaɗarta, kamar tana ganin abin da ke ciki. “Me ya kawo ki, 'yar nan?”

“Na zo ganinsa ne, Inna.”

“Gani kawai?”

Auta ta ƙara riƙe jakarta. Inna ta kamo hannunta ta matse, ta yi ƙasa da murya.

“Ki ji tsoron Allah ki rufa mana asiri. Kwana kaɗan ne. Ƙaninsa ya ce da zarar ya isa inda hannu ba ya kaiwa zai aiko, a ranar ni da kaina zan shiga in ce na yi ƙarya. In kika yi magana yanzu, waya ɗaya za su buga a tare shi a hanya, kin san kuma igiya ce ke jiransa.”

“Kwana nawa ya ce miki, Inna?”

“Uku.”

“Yau tara.”

“Hanya ce, ba ki san hanya ba.” Idon Inna ya cika. “Ba ki haihu ba, 'yar nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na san abin da ya aikata, ba na barci saboda uwar yaron can, amma ni na haife shi.”

“Wanda ke ciki ma ke kika haife shi. Gobe gidan yari za su kai shi, kuma mutanen mamacin na can suna jira. An gaya miki?”

Inna ta girgiza kai. “Allah zai tsare shi. Shi mai haƙuri ne, tun yana ƙarami shi ke haƙuri.”

Tausayin matar ya kama Auta, haushinta ma ya kama ta, ta rasa wanda ya fi yawa. Ta zare hannunta a hankali ta miƙe ta shiga.

Ɗan sandan kanta ya ba ta minti biyar. Ta bi wani siririn lungu mai warin fitsari da maganin sauro, ta tsaya gaban ƙofar ƙarfe. Mai Agogo ya taso daga kan siminti. Gemu ya fito masa, rigar da aka kama shi da ita ce har yanzu a jikinsa. Da ya gan ta sai ya yi murmushi, murmushin ya ɓace da ya ga fuskarta.

“Na ce kada ki zo nan, Auta.”

“Ka ce. Ni kuma na zo.”

“Ya Baba? Ya shago? An rufe mini teburina da leda? Kada ruwa ya shiga agogunan mutane.”

“Na kwashe su tun ranar farko. Ba maganar agogo ta kawo ni ba.” Ta dafa jakarta. “Fim ɗinka yana nan, da tabonka a jiki, da kwanan wata da rubutun Baba. Zan kai wa Sufeto.”

Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. “Kada ki yi. Don girman Allah kada ki yi.”

“Gobe za su kai ka inda za a kashe ka.”

“Na sani, an gaya mini.”

“Ka sani, kuma kake tambayata leda?”

“Inna ta durƙusa mini, Auta. Kin san abin da ake nufi uwa ta durƙusa wa ɗanta? Ta kama ƙafata tana kuka, ta ce in na buɗe baki ba ta yafe mini nononta ba. Me kike so in yi? Tun muna yara in ya fasa abu ni nake cewa ni ne, don in an dake shi ita ke kwana kuka. Na saba.”

“Wannan ba kofi ya fasa ba, rai ya ɗauka. Yana can yana tafiya da sunanka da fuskarka, ko waiwaye bai yi ba. Kana ganin in ya isa zai tuna da kai? Ranar da ya daina amfani da fasfon nan, ranar zai jefa shi a kwata, kai kuma ka zama mutumin da babu shi a ko'ina.”

“Ƙanina ne.”

“Ni kuma wace ce?”

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ƙarfen. “Ke ce abin da na taɓa so wa kaina a duniya, ke kaɗai. Shi ya sa nake roƙonki. In kika yi wannan, Inna ba za ta taɓa kallonki ba, ni kuma ba zan iya auren wadda uwata ke kuka da ita ba. Za ki raba mu da hannunki.”

Maganar ta soke ta, don ta san gaskiya ya faɗa. Ta bari kukan ya zo, ta yi shi na ɗan lokaci, sannan ta goge fuska da gefen mayafi.

“To ka ji nawa. Gara ina ganinka a tsallaken titi kana gyaran agogo ba ka gaishe ni, da a ce ina kai wa kabarinka ziyara a matsayin wadda ta yi maka biyayya. In rabuwa ce, mu rabu kana numfashi.”

“Zan ƙaryata ki, Auta. In suka tambaye ni zan ce ban san ki ba.”

“Ka gwada mu gani.”

Ɗan sandan ya buga sanda a bango, lokaci ya cika. Ba ta nufi ƙofar fita ba, ta tambayi ofishin Sufeto.

Sufeto mutum ne mai ƙiba da gajeren haƙuri. Fanka na juyawa a kansa tana kaɗa takardu, ya danne su da kofin shayi. Ya saurare ta yana danna biro, har ta gama ta ajiye ambulan a gabansa. Ya zaro fim ɗin ya ɗaga shi saitin taga, ya buɗe fayil ya ciro hoton ofishin fasfo ya haɗa su. Riga ɗaya ce, zama ɗaya, har inuwar kunne ɗaya. Tabon ne kawai ke nan a ɗaya, babu a ɗayan.

Ransa ya ɓaci, kuma ba da ita kaɗai ba. Mutumin da ya riga ya sanar da manyansa cewa ya kama Kunama ba ya marmarin a zo masa da irin wannan labari.

“A kawo mini shi, a shigo da tsohuwar ma.”

Aka shigo da Mai Agogo da ankwa a hannu. Inna ta shigo tana bin bango, kwanon abincin har yanzu yana hannunta.

“Mama, wannan wanne ne cikin 'ya'yanki?”

“Ƙaramin ne, ranka ya daɗe. Kunama ne.”

Sufeto ya juya. “Kai fa, ka san yarinyar nan?”

Mai Agogo ya kafe idonsa a kan siminti. “Ban san ta ba.”

Auta ta san zai faɗa, shi da kansa ya gaya mata, amma duk da haka sai da ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a ƙirji. Ta gyara tsayuwa.

Sufeto ya jingina da kujera, fuskarsa ta saki. “To kin ji. Uwa ta ce shi ne, shi ya ce shi ne, ke kuma kin zo mini da ɗan guntun fim. Bari in gaya miki inda kika tsaya, yarinya. In maganarki ƙarya ce, kin zo ɓata bincike. In gaskiya ce, ke kika gyara takardar da mai kisan kai ya gudu da ita, ke nan da ke aka haɗa baki. Ko ta ina aka bi, yau a nan za ki kwana. Amma ina da 'ya kamarki, don haka ga ambulan ɗinki, ki ɗauka ki fita, ban gan ki ba.”

Auta ba ta taɓa ambulan ɗin ba. Ta buɗe jakarta ta ciro zanen rufa a naɗe, da buroshin haƙori, ta ɗora su a gefen teburin.

“Na zo da shirina, ranka ya daɗe. Ni na ɗauki hoton, ni na goge tabon, mahaifina bai sani ba sai daga baya. A rubuta, zan sa hannu.”

Sufeto ya dubi zanen, ya dube ta. “Kin san gobe mota ɗaya za ta kwashe ku zuwa kotu? Kin san shekarun da ake ba wanda ya taimaki mai kisa?”

“Ban sani ba, amma alƙali zai ga fim ɗin, ko ba haka ba? Shi nake so ya gani.”

Sufeto ya ƙwala wa wata 'yar sanda kira. Ta shigo, ya nuna Auta da biro. “Sa mata ankwa, ki kai ta ɗakin mata.”

Auta ta miƙa hannayenta biyu da kanta. Ba ta kalli Mai Agogo ba, ko sau ɗaya. Ta san shi fiye da yadda ya san kansa. Mutumin da ya kwana tara a siminti don kada uwarsa ta yi kuka zai iya haƙura da nasa ran, amma akwai abin da ba zai iya tsayawa yana kallo ba. Ƙarfen ya taɓa fatarta da sanyi, ya yi ƙara ya rufe a hannu ɗaya.

“Ku cire mata.”

Muryar Mai Agogo ce ta fito ƙasa ƙasa, har sai da Sufeto ya ce, “Me ka ce?”

“Na ce ku cire mata. Na san ta.” Mai Agogo ya ɗago, fuskarsa sharkaf da hawaye. “Ni ne babban. Ni ne mai gyaran agogo, fasfon nawa ne, tabon nan aikina ne ya yi mini shi. Ƙanina ya fita ta iyakar arewa a motar kaya, yau kwana tara. Ita ba ta san komai ba, so ne kawai ya sa ta goge.” Ya juya ya zube a gaban Inna da ankwarsa. “Ki yafe mini, Inna. Na iya ba ki raina, amma nata ba nawa ba ne.”

Kwanon ya suɓuce daga hannun Inna ya kife a ƙasa. Sufeto bai ko kalle shi ba, ya jawo wayar teburinsa ya fara juya lamba, yana neman a haɗa shi da ofishin iyaka.

Inna ba ta yi ihu ba. Ta tsallake ɗanta da ke durƙushe kamar ba ta gan shi ba, ta zo ta tsaya gaban Auta, kusa har Auta na jin numfashinta.

“Kin ceci ɗaya, kin kashe mini ɗaya. Ki riƙe wannan, muddin ina numfashi ƙafarki ba za ta taka gidana ba.”

Auta ta durƙusa mata har ƙasa, ankwa na lilo a hannunta ɗaya. Zuciyarta na ciwo, amma ko kaɗan ba ta yi nadama ba.

“Na ji, Inna, kuma ba zan taka ba sai kin kira ni. Amma shi yau zai taka, da ƙafarsa.”

Sufeto ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya dubi 'yar sandar da ke tsaye tana jiran umarni. “Shi a cire masa, ya zauna ya rubuta bayani. Ita kuma rufe ɗaya hannun, maganarta yanzu aka fara.”

Mai Agogo ya yunƙura zai taso, ɗan sanda ya danne kafaɗarsa. Auta ta ɗauki zanenta ta saƙale a hammata, ta miƙa wa 'yar sandar ɗaya hannun. Sai a bakin ƙofa ta waiwayo ta dube shi.

“Agogunan mutane suna ƙarƙashin kantarmu, a cikin kwali,” ta ce. “Ka je ka karɓa wurin Baba da kanka, ka gaishe shi da kyau.”